Kalmomin Da Ke Kayar Da Gwanaye A Wasan Scrabble

Abin da nake so in yi magana a kansa a wannan fitowa shi ne wasan nan na harhaɗa kalmomi da ake kira Scrabble, musamman kalmomin Turanci waɗanda rubutunsu ke kayar da 'yan wasa a lokacin gasa. Da gangan na zaɓi in yi bayanin da Hausa, domin a ganina yawancin tuntuɓen da mu Hausawa muke yi a rubutun Turanci daga harshenmu ya samo asali. Masu iya magana kuwa sun ce sanin wurin ciwo shi ne rabin magani.

Bari in fara da yadda wasan yake, saboda waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, shi ne ya ƙago shi a shekarar 1938, amma sai a 1948 aka raɗa masa sunan da yake amsawa yanzu. Ana yinsa a kan allo mai gida 225, watau 15 a tsaye, 15 a kwance. 'Ya'yan wasan guda 100 ne, ana zuba su cikin 'yar jaka, kowanne ɗauke da harafi ɗaya da makinsa, ban da guda biyu farare waɗanda mai su yake iya mai da su kowane harafi ya ga dama. Kowane ɗan wasa yakan ɗebi bakwai ba tare da ya leƙa jakar ba, ya jera su gabansa yadda abokin karawarsa ba zai gani ba, sa'an nan ya yi ƙoƙarin haɗa kalma a kan allo. Wanda ya iya zubar da bakwai ɗin nan duka a kalma ɗaya, sai a ƙara masa maki 50 kyauta. A gasa kowane ɗan wasa minti 25 gare shi, in ya wuce haka a riƙa zaftare masa maki 10 a kowane minti.

Kada iyayenmu su ɗauka wasan banza ne ko wani nau'in caca. Tun a shekarun 1990 Nijeriya ta karɓe shi cikin jerin wasanninta, kuma a 2015 wani ɗan jihar Delta mai suna Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na ƙasar Ostareliya. Ya ka da Lewis Mackay na Ingila sau 4 a jere a wasan ƙarshe, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki wannan kambi. Watau dai an bi Bature har cikin harshensa an ka da shi.

To, ina ruwan kuskuren rubutu da wannan duka? Ga yadda abin yake. A ce Allah ya ba ka haruffan nan bakwai: R, E, C, E, I, V, E. In ka jera su daidai, RECEIVE, makin haruffan 12 ne, ga kyautar 50, ka tashi da 62 ko da ba ka hau gidan da ke ninka maki ba. Amma in hannunka ya rigaye tunaninka ka ajiye RECIEVE, abokin karawarka zai tsai da agogo ya ce bai yarda ba. Sai ku tashi ku biyu ku je wurin alƙali, wanda a yanzu galibi kwamfuta ce, a buga kalmar. Ita kuwa ba ta san sabo ba, ba ta jin roƙo. Sai ka dawo ka kwashe 'ya'yanka, ba maki ko ɗaya, bugu ya koma hannunsa. Bugu da ƙari ya riga ya ga duk abin da kake riƙe da shi, zai toshe gurbin da za ka sake ajiyewa. Harafi biyu kawai suka yi musayar wuri, amma sau da yawa a nan ake rasa wasa gaba ɗaya.

Abin da ya sa wannan ya fi damunmu mu Hausawa shi ne, rubutunmu na boko mai gaskiya ne. Abin da kunne ya ji, kusan shi hannu ke rubutawa. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a aji biyu na firamare yana iya rubuta kalmar da bai taɓa gani ba, ya kuma dace. Da wannan amana muka girma, muka yarda da kunnenmu. Turanci kuwa ba haka yake ba. Harshe ne da ya tara aro daga Faransanci da Latin da Girkanci, lafazinsa ya canja cikin ɗaruruwan shekaru, rubutun kuwa ya tsaya inda yake. Wanda ya shiga gasa yana dogara da kunnensa, ya shiga rijiya da igiyar da ta ruɓe.

Babban ramin da na fi ganin mutanenmu na faɗawa shi ne na tagwayen baƙaƙe. A Hausa in an ninka baƙi, kunne yana jinsa sarai. Ba wanda zai kasa bambanta baba da babba, ko daba da dabba, ko mana da manna. Saboda haka ba mu taɓa wahalar haddace inda ake ninkawa ba. A Turanci ninkin nan ba ya fitowa a baki ko kaɗan. Aikinsa dabam ne: yana nuna cewa wasalin da ya gabace shi gajere ne. Ku dubi HOP, watau yin tsalle, da HOPE, watau sa rai. In za a ƙara musu ING, ta farko sai ta ninka baƙinta na ƙarshe ta zama HOPPING, ta biyu kuwa ta yar da E ɗinta ta zama HOPING. Wanda ya gane wannan ya huta da kalmomi da yawa. WRITE tana ƙarewa da E, don haka WRITING ce, da T ɗaya. COME ma haka, COMING ce. Amma duk da sauƙin ƙa'idar, ba na jin akwai kalmar da ake yi wa ƙarin harafi a ƙasar nan kamar WRITING. Ana ganin WRITTING a littattafan ɗalibai, har da allunan masu sayar da kayan rubutu. Ina tsammanin 'yar'uwarta WRITTEN ce ke jawo ruɗun, domin ita da T biyu take, kuma da hujjarta, wasalinta gajere ne. A kan allon wasa WRITING maki 61 ce, WRITTING kuwa kwashe ta za a yi.

Akwai wata ta ban dariya a wannan babi. A makarantu da dama za ka ga an rubuta DINNING HALL a ƙofar ɗakin cin abinci, alhali DINING ce daidai, daga DINE, cin abinci. In ɗalibi ya ga DINNING a kan allon wasa sai ya yi farat ya ce kuskure ne, a je wurin alƙali. Sai kwamfuta ta ce kalmar tana nan daram, domin ta fito ne daga DIN, watau cika wuri da hayaniya. Ga wanda ya san irin ƙarar kwanoni da ihun da ake yi a ɗakin cin abincinmu, zai ce mai fentin bai yi ƙarya ƙwarai ba. Abin lura dai shi ne, kalma tana iya zama kuskure a takardar jarrabawa, ta zama halal a allon wasa, domin wasan bai damu da ma'anar da ka nufa ba.

Har yanzu a kan ninki, akwai waɗanda muke yi wa kyautar L ba su roƙa ba. FULL da L biyu take in tana tsaye ita kaɗai, amma da zarar ta manne a wutsiyar wata kalma sai ta ajiye ɗaya: CAREFUL, HOPEFUL, USEFUL. Haka TILL take da biyu, UNTIL da ɗaya. Ita kuwa GRATEFUL tarko biyu gare ta, na L ɗin, da kuma na masu zaton daga GREAT ta fito suna rubuta GREATFUL. Game da manyan kalmomin da malamai ke tsorata mu da su, irin su ACCOMMODATE da COMMITTEE, ba na ba ɗan wasa shawarar ya ɓata dare a kansu don gasa. C biyu ne kacal a jaka, M ma biyu, kuma da wuya kalma mai harafi tara ko goma sha ɗaya ta hau allo. Don jarrabawa a haddace su. Masu kashe mutum a wasa su ne masu harafi biyar zuwa takwas, waɗanda yake ganin ya san su tun yana firamare.

Rami na biyu namu ne na gado. A jerin haruffan daidaitacciyar Hausa babu P, babu V, babu Q, babu X. Duk kalmar da muka aro mai P, sai muka mai da ita F: fensir, fenti, famfo, fasinja, fasfo, firamare. Wannan ba abin kunya ba ne, kowane harshe haka yake yi wa baƙinsa, Bature ma Kano da ƙosai ba ya iya faɗinsu yadda muke faɗi. Matsalar ita ce in abin ya bi mu har cikin rubutun Turanci. A wasu kalmomin Allah yakan rufa asiri, domin PAN da FAN, PULL da FULL, PAST da FAST, PAIR da FAIR, dukansu suna cikin ƙamus, har ma F ta fi P tsada, ita maki 4, P kuwa 3. Haka VAN da BAN, VEST da BEST. Amma ranar da aka haɗu da kalmar da ta tara P da F wuri ɗaya, ranar ake jin jiki. PROFIT, PREFER, PERFORM, PROOF, a nan ne za ka ga hannun yaro yana shawagi bisa allo, agogo na ci, ya rasa wanne zai gabatar. Wani abin sha'awa, PERFECT da PREFECT haruffansu bakwai iri ɗaya ne, R da E kawai suka sauya mazauni. Wanda ya sami ɗaya ya sami ɗayar, sai ya zaɓi wadda gurbi ya karɓa.

Kusa da wannan akwai ɗabi'armu ta raba baƙaƙe da wasali. Harshenmu ba ya son baƙi biyu su haɗu a farkon kalma, shi ya sa muke cewa burodi da sukudireba da furofesa. To, wasalin nan da bakinmu ya saba cusawa yakan ɓuya ya shiga rubutu. ATHLETE harafi bakwai ce cif, wadda za ta ba ka kyautar 50, amma sai ka ga an ajiye ATHELETE. UMBRELLA ta koma UMBERELLA. Wani lokaci kuma akasin haka ake yi, a haɗiye harafi, LIBRARY ta zama LIBARY.

Sai maganar I da E, wadda su Turawan kansu kuka suke yi da ita. An koya mana cewa I ce ke gaba, sai fa in bayan C ne. Ƙa'idar tana aiki a BELIEVE, ACHIEVE, NIECE, SIEGE, tana kuma aiki a RECEIVE, DECEIVE, CEILING, RECEIPT. Amma tana da 'yan tawaye masu yawa. WEIRD da SEIZE sun gabatar da E ba tare da wata C ba. SCIENCE da SOCIETY da ANCIENT kuwa sun sa I bayan C, ba abin da ya same su. Ku dubi SIEGE da SEIZE, a baki kusan tagwaye ne, a rubuce kowacce ta juya wa 'yar'uwarta baya. SEIZE kuwa kalma ce mai daraja a wasa saboda Z maki 10 ce, kuma guda ɗaya ce tak a jaka. Ni a ganina a riƙe ƙa'idar a inda sautin yake dogon "i" kaɗai, sauran kuwa a haddace su ɗaya bayan ɗaya kamar sunayen 'yan ajinmu.

Haruffan da ake rubutawa ba a furtawa ba sai na daɗe a kansu ba, kowa ya sha wuyarsu. Abin da zan ƙara shi ne ba haka kawai suka faɗo daga sama ba. K ɗin da ke KNIFE da KNEE, Turawan dā suna furta ta. B ɗin DEBT da DOUBT kuwa masana ne suka cusa ta daga baya don su nuna kalmomin daga Latin suka fito. Sanin wannan yana sa harafin ya zauna a ka. A kuma kula da GUARD da GAUGE: ta farko U ke gaba, ta biyu A. A kula da FORTY, wadda ta yar da U ɗin FOUR, da TRULY, wadda ta yar da E ɗin TRUE, da GRAMMAR, wadda ake yawan rufe ta da ER, da LENGTH, wadda ake juya mata wutsiya a ce LENGHT. SEPARATE ma A ce a tsakiyarta. Ita kuwa SCISSORS, wanda zai rubuta ta ba da farin ɗa ba, sai ya cinye S huɗun da ke cikin jakar duka.

Yanzu bari mu juya ga ɗaya gefen, domin kuskure a gasa fuska biyu gare shi. Akwai mai ajiye kalmar ƙarya, akwai kuma mai ƙaryata kalmar gaskiya. Littafin da ake hukunci da shi a Nijeriya da yawancin ƙasashen duniya shi ne jerin kalmomin Collins, mai kalma fiye da 270,000. Ya karɓi rubutun Ingila da na Amurka baki ɗaya. Mu da aka koya wa COLOUR da CENTRE, in muka ga COLOR da CENTER sai jikinmu ya ba mu kuskure ne. Ba kuskure ba ne, rubutun Amurka ne, wanda ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya taimaka wajen kafawa. REALISE da REALIZE, JUDGMENT da JUDGEMENT, duk suna wucewa. A manyan gasanni in ka ce ba ka yarda ba, aka duba aka tarar kalmar gaskiya ce, tarar maki 5 ake yi, su tafi ga abokin karawarka. Maki 5 ba yawa, amma an sha raba wasa da ƙasa da haka.

A nan ne wasu masu wayo suke cin kasuwarsu. Sukan ajiye kalmar da suka san ƙarya ce, su ɗaure fuska, suna fatan tsoron tara zai hana ka magana. In ka yi shiru har ka yi naka bugun, shi ke nan, ta zauna da makinta. Dokar wasa ba ta hana ba, amma ni ba na sonta a tsakaninmu ɗalibai. Yaron aji ɗaya da ya ga babban yaya ya ajiye UNTILL an ƙirga masa maki, hoton kalmar ya shiga idonsa ke nan, kuma da shi zai shiga ɗakin jarrabawa.

Maganar ido ta kawo ni ga wani mutum da ya kamata ku ji labarinsa. Nigel Richards, mutumin ƙasar Niyu Zilan, ya ci gasar duniya ta Scrabble ɗin Faransanci a 2015 alhali ba ya jin Faransanci. A 2024 ya sake yin haka da harshen Sifaniyanci. Haddace jerin kalmomin ya yi, yana kallon kowacce kamar zane. Kunnensa ba shi da hanyar da zai yaudare shi, tun da bai san yadda ake faɗinsu ba. Ba ina cewa mu bar neman ma'ana ba ne, mu ɗalibai ne, ma'anar muke bukata fiye da maki. Abin da za mu ɗauka daga wurinsa shi ne rubutun Turanci da ido ake riƙe shi. Mu kuwa da yawancinmu muka yi makarantar allo, mun san yadda ake rubutawa, a wanke, a sake rubutawa har abu ya zauna. Shawarata ita ce kowane ɗan wasa ya tanadi ɗan ƙaramin littafi. Duk kalmar da aka kwashe a wasa, tasa ce ko ta wani, ya duba ƙamus ya rubuta daidai ɗinta kaɗai, sau biyar, da hannunsa. Kada ya rubuta gurguwar ko da don kwatance ne. Yana kuma da amfani a riƙa karanta kalmar a zuci da lafazin Hausa, harafi bayan harafi, a ce "se-pa-ra-te" ko "de-b-t", ko da abin zai ba abokai dariya.

Daga nan sai a kama gajerun kalmomi, waɗanda 'yan wasan Nijeriya suka yi suna a kansu. Masu harafi biyu sun haura 120, kuma da su ake manna kalma a gefen wata. QI tana ciki, ZA tana ciki, OK ma an shigar da ita a 2019. Babu ko ɗaya mai V, saboda haka kada a wahalar da kai nema. Sunayen mutane da na garuruwa da na watanni ba sa shiga, don haka KANO da FEBRUARY ba su da gurbi, amma NAIRA da KOBO suna da shi.

Akwai kuma wani fage da muke da rinjaye a kan Bature, in mun kula. Harafin Q maki 10 ne, yakan kuma zame wa mai shi ƙarfen ƙafa in ba shi da U, domin in wasa ya ƙare yana hannunka za a cire maka makinsa. To, cikin 'yan kalmomin da ke ɗaukar Q ba tare da U ba, da dama daga Larabci suke, mun kuma san su tun a gida. QADI shi ne alƙalinmu, QIBLA ita ce alƙibla, ga NIQAB, ga SUQ, watau kasuwa. Ban da su akwai IMAM, HALAL, SALAAM, EMIR da AMIR, HAJJ da HADJ. Har MALLAM yana cikin littafin. Sai dai a nan ma kunne yana iya yin halinsa, domin yadda Bature ya rubuta ake bi, ba yadda muke faɗi ba. ZAKAT ce ke cikin ƙamus. Wanda ya ce zai ajiye ZAKKA, da farko K ɗaya ce a jakar, sai ya ɓata farin ɗa guda kafin ya cika ta, sa'an nan a je wurin alƙali a ce ya kwashe.